Fanshonka Babu Haraji, Amma Shagon da Ka Gina da Kuɗin Sallama Akwai: Jagora ga Mai Shirin Ritaya a Najeriya

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni 2025, babu majalisar 'yan fansho da maganar ba ta tashi ba. Wannan ya ce za a fara yankar fansho, wancan ya ce duk kuɗin da ya shiga asusun banki sai gwamnati ta gutsura, wani ma ya rantse har gadon marayu ba za a ƙyale ba. Dokokin sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan a ciki.

Abin da ke akwai shi ne, fansho da garatutin da aka biya ka bisa Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ba a cire musu haraji. Sashe na 10 na dokar ya faɗi haka ƙarara, sabuwar dokar haraji kuma ta bar shi yadda yake. Inda harajin ke jiranka shi ne bayan kuɗin sun bar hannun kamfanin fansho sun koma shago, ko gidan haya, ko fili, ko ajiyar banki mai kawo riba. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe, domin shekara 35 ofis ke cire musu harajin albashi, ba su taɓa cike takardar haraji da hannunsu ba.

Mataki na farko: san tsarin da kake ciki

Mafi yawan ma'aikatan tarayya da na kamfanoni suna cikin tsarin karo-karo da aka kawo a 2004 zamanin Obasanjo, aka sake dokarsa a 2014. Kai ka zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinka, mai ba ka aiki ya zuba kashi 10, kuɗin su tafi asusunka na ajiyar ritaya, wato RSA, a hannun kamfanin fansho, wato PFA, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana sa ido. Kason nan naka ana cire shi ne kafin a lissafa harajin albashi, ribar da asusun ke samu tsawon shekaru ma ba a taɓa ta.

Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka bar aiki a tsohon tsari suna hannun hukumar PTAD mai biyan fanshon tsohon tsarin. Sojoji da jami'an leƙen asiri an fitar da su daga karo-karo, suna da nasu. Jihohi kuwa kowa da kiɗansa: Kaduna ta koma asusun RSA a 2017, Kano da Jigawa suna tara gudummawar a asusu ɗaya su riƙa biya bisa ƙa'idar shekarun aiki da albashin ƙarshe. Ko wanne kake ciki, duba takardar biyan fanshonka. Sau da yawa ɗan abin da mutum yake ganin an zaftare yana cewa haraji ne, kuɗin ƙungiyar 'yan fansho ne.

Mataki na biyu: gyara takardu tun kana ofis

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikacin gwamnati ya san ranar fitarsa tun ranar da ya shiga: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Malaman makaranta dokar 2022 ta kai su 65 ko 40, a inda aka fara aiki da ita. Duk da haka sai ka ga mutum bai leƙa kamfanin fanshonsa ba sai da aka yi masa walimar bankwana.

Na raka wani kawuna ofishin kamfanin fanshonsa wata uku bayan ya ajiye aiki. Ya zo da fayil a cikin leda, an ɗaure da roba: takardar ɗaukar aiki da ta yi ja don tsufa, takardun ƙarin girma, takardar albashi ta watannin ƙarshe. Yarinyar da ke kan tebur ta duba kwamfuta, ta ɗago ta ce, "Baba, a nan Muhammadu ne, a katin NIN Mohammed, ranar haihuwar ma ba ta zo ɗaya ba." Ya ce, "'Yata, ai duk ni ne." Ta ce ta sani, na'urar ce ba ta sani ba. Gyaran nan ya cinye watanni, ga albashi ya tsaya, ga fansho bai fara ba, sai da aka sayar da tumakin gida.

Saboda haka, shekara biyu kafin fitarka, jera NIN da BVN da bayanan RSA da fayil ɗinka na ofis ka ga suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya. Idan ka buɗe RSA kafin Yulin 2019, akwai sabunta bayanai da PenCom ta wajabta, je ka yi. Karɓi cikakken bayanin asusunka ka bi shi wata-wata, domin akwai ma'aikatun da ke cire kuɗi daga albashi su ƙi turawa, kuma bin wannan bashi ya fi sauƙi kana ciki. Wanda ya fara aikin tarayya kafin tsarin 2004 yana da haƙƙin shekarun baya da gwamnati za ta zuba masa, sai ya shiga tantancewar da PenCom ke yi wa masu shirin fita. Wannan gyara ya shafi haraji ma, tunda yanzu lambar NIN ce ke zama lambar harajin mutum.

Mataki na uku: ci moriyar shekarun ƙarshe na albashi

Akwai ƙofar da doka ta buɗe, mutane ƙalilan ke bi: ƙarin gudummawa na ganin dama. Kana iya sa ofishinku ya riƙa cire wani abu sama da kashi 8 ɗin yana turawa RSA. Tunda ana cire shi kafin lissafin haraji, abin da gwamnati za ta karɓa yana raguwa. A ce kuɗinka na shekara ya kai inda ake cajin kashi 18, ka ƙara Naira 50,000 duk wata. A shekara ka tara wa kanka Naira 600,000, harajinka ya ragu da Naira 108,000.

Sharaɗin shi ne haƙuri. Idan ka ciro kuɗin kafin su cika shekara 5 da zubawa, za a cire haraji a kan ribar da suka samar. PenCom kuma tana raba wannan gudummawa gida biyu, rabi kana iya cira kana aiki, rabi sai ranar ritaya. Kuma ta hanyar ofis ake turawa, ba kai za ka ɗauki kuɗi ka kai ba. Mai shekara 53 zuwa 55 shi ne wannan ya fi yi wa daidai, domin ranar da zai fita kuɗin farko sun riga sun nuna.

Ka kuma tambayi rukunin da kuɗinka suke. Tun 2018 aka kasa asusun gida-gida: Asusu na II ga wanda bai kai 50 ba, na III ga mai 50 zuwa sama, na IV ga wanda ya yi ritaya. A 2021 aka ƙaro Asusu na VI wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, ana juya shi a sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, da makamantansu, mai aiki da mai ritaya duk suna iya neman a mayar da su can. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da riba ta ruwa ba, ga mafita, kuma hukuncin haraji ɗaya ne da sauran. In kamfanin naka ne bai gamsar da kai ba, tun Nuwamban 2020 ana iya sauya PFA sau ɗaya a shekara.

Mataki na huɗu: ranar zaɓi

Idan ka yi ritaya kuma ka kai shekara 50, za a ba ka wani dunƙule, sauran a mayar da shi biyan wata-wata ko na wata uku-uku. Girman dunƙulen ya danganta da abin da zai rage ya iya ɗaukar fanshon, shi ya sa abokin aikinka zai iya samun kaso fiye da naka. Wanda ya rasa aiki kafin 50, ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya karɓar har kashi 25 na asusunsa.

Sauran kuɗin hanya biyu ce. Ko ka bar su a hannun PFA yana juyawa yana biyanka daga ciki, in ka rasu abin da ya rage na magada ne. Ko ka miƙa su ga kamfanin inshora ka sayi anuwiti, ya biya ka har ƙarshen rayuwa ko da ka shekara ɗari, amma magada suna da rabo ne kawai in ka rasu cikin shekara 10 na farko. Daga PFA ana iya komawa anuwiti daga baya, daga anuwiti ba a dawowa. Ta fuskar haraji duk biyun babu komai, don haka kada dillali ya ruɗe ka da cewa nasa ne ba a taɓawa. Ra'ayina, mai ƙananan 'ya'ya da iyali da yawa ya yi dogon tunani kafin ya sa hannu a abin da ba a warwarewa.

Garatutin da kamfani ke bayarwa daga aljihunsa, wanda ba na RSA ba, an sha kai ruwa rana a kansa. A 2019 kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta yanke, a shari'ar Nigerian Breweries da hukumar harajin jihar Abiya, cewa garatuti ba shi da haraji. Kafin a biya ka, nemi ofishin kuɗi su ba ka lissafin a rubuce, su nuna sunan da aka sa wa kowane kuɗi. Alawus ɗin hutu da bashin albashi da tukuicin ƙarshen shekara duk albashi ne, akwai haraji ko da ranar sallama aka haɗa maka su. Diyyar rasa aiki, irin ta wanda aka rage, babu haraji har Naira miliyan 50, abin da ya haura ne ake lissafawa. A da miliyan 10 ne iyakar.

Mataki na biyar: lissafa abin da ake binka

Nan ne zuciyar maganar. Ka ware fansho gefe, ka tara duk sauran abin da ya shigo maka a shekara ta hanyar nema: kuɗin haya, ribar kasuwanci, ribar gona ko kiwo da ka sayar, albashin aikin kwantiragi in an sake ɗaukarka, ladan koyarwa ko ba da shawara. A kan jimlar, ga yadda ake caji:

- Naira 800,000 na farko: babu komai
- Miliyan 2.2 da ke biye: kashi 15
- Miliyan 9 da ke biye: kashi 18
- Miliyan 13 da ke biye: kashi 21
- Miliyan 25 da ke biye: kashi 23
- Abin da ya haura miliyan 50: kashi 25

Hawa-hawa ne kamar matakalar bene. Shiga matakin kashi 18 ba ya nufin duk kuɗinka za a caja haka, sai abin da ya hau wannan matakin kaɗai.

Mu ɗauki tsohon shugaban makaranta da ke karɓar fansho Naira 120,000 a wata. Da kuɗin sallama ya gina shaguna biyu, hayarsu Naira miliyan 1.8 a shekara. Yana da ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida, ribarsa bayan an fitar da uwar kuɗi da kuɗin yaron shago ta kai miliyan 1.2. Fanshonsa na shekara, Naira 1,440,000, ba ya shiga lissafi ko kaɗan. Abin da ya shiga miliyan 3 ne. A cire 800,000, saura miliyan 2.2, kashi 15 ɗinsa Naira 330,000. Wannan shi ne harajinsa in ya zo hannu rabbana, babu takarda.

In ya zo da takardu kuwa labari ya canza. A damina rufin shago ɗaya ya yi yoyo, ya kashe Naira 200,000 a kwano da kafinta. In yana da rasit, za a cire wannan daga kuɗin hayar, haraji ya sauka da Naira 30,000. In shi kansa a gidan haya yake zaune yana biyan Naira 600,000 a shekara, sabuwar doka ta ba shi rangwamen kashi 20 na hayar, wato Naira 120,000 da za a cire daga jimlar, harajin ya ƙara sauka da 18,000. Iyakar wannan rangwame Naira 500,000 ne, kuma mai zama a gidan kansa ba shi da shi. Shi ne ya maye gurbin tsohon rangwamen bai-ɗaya da kowa ke samu kafin 2026. Kuɗin inshorar rai da gudummawar inshorar lafiya ta ƙasa su ma ana cirewa. Daga 330,000 an dawo 282,000.

Saura abu ɗaya da masu gidan haya ke asara a kai. In mai hayarka kamfani ne ko ma'aikatar gwamnati, zai riƙe kashi 10 na kuɗin ya tura wa hukumar haraji da sunanka. A ce ɗaya shagon wani kamfani ne ya kama a kan Naira miliyan 1, sai ya ba tsohon shugaban makarantar 900,000. Dubu ɗarin nan ba ta ɓata ba, kafin alƙalami ce, za a rage ta daga 282,000 ya cika 182,000. Amma sai ya karɓi takardar shaidar an tura, da lambarsa a jiki. In bai karɓa ba, zai biya sau biyu, ko kuma mai hayar ya riƙe kuɗin bai kai ko'ina ba.

Kowane mutum da nasa Naira 800,000 ɗin. In shagon ƙofar gida na uwargida ne da gaske, jarinta ne, asusunta ne, to ribarsa lissafinta ce, ba ta maigida ba, dama ai dukiyar mace tata ce. A misalinmu hakan zai sa gidan ya biya ƙasa da abin da aka lissafa nesa ba kusa ba. Sai dai a yi shi da gaskiya, a rubuta kyautar, kada a ara sunanta kawai, domin ranar rabon gado wannan takarda za ta yi magana.

Abin da 'ya'ya ke turo maka, daga Legas ne ko daga Ingila, kyauta ce, babu haraji. Haka gudummawar biki da bashin da aka dawo maka da shi. Matsalar ita ce in komai yana shiga asusu ɗaya, kai ne za ka sha wahalar bambancewa ranar da aka tambaye ka. Buɗe asusu biyu: fansho da kyaututtuka a ɗaya, haya da kasuwanci a ɗaya. Sannan ka sayi littafi mai layi, ka riƙa rubuta shiga da fita. Tsohon ma'aikacin da ya yi shekaru yana riƙe fayil ɗin gwamnati ba zai kasa riƙe nasa ba.

Mataki na shida: inda za ka ajiye dunƙulen

Ba duk ajiya ce haraji ke yi wa kallo ɗaya ba. Ribar ajiyar banki ta ƙayyadadden lokaci ana riƙe kashi 10. Rabon ribar hannun jari ma kashi 10. Takardun bashin gwamnati na gajeren zango, masu wata uku zuwa shekara, su ma yanzu ana riƙewa. Takardun lamunin gwamnatin tarayya na dogon zango kuwa ribarsu babu haraji. Ofishin kula da basussuka, DMO, yana sayar da na ƙananan masu ajiya tun 2017, daga Naira 5,000, na shekara 2 ko 3, ana biyan riba duk wata uku. A shekarar ce kuma aka fara sukuk na tarayya da Naira biliyan 100 don gina hanyoyi, wanda ladan haya yake biya maimakon ruwa.

Kada dai gudun kashi 10 ya rufe maka ido daga babban ɓarawo. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34. Wanda ya jibge kuɗin sallama a asusun da ba ya haihuwa don kada a caje shi, buhun shinkafa da kuɗin magani sun karɓe fiye da abin da kowace hukuma za ta karɓa.

Sayar da kadara shi ne inda sabuwar doka ta fi canzawa. A da kashi 10 tak ake caja a kan ribar sayar da fili. Yanzu ana ɗora ta a kan kuɗin shigarka na shekarar, a bi matakalar nan. Filin da ka saya miliyan 2 ka sayar miliyan 12, riba miliyan 10, in ba ka da wani kuɗin shiga harajinsa Naira 1,590,000. In filaye biyu irin wannan ka sayar a shekara ɗaya, Naira 3,630,000. In ka raba su shekara biyu, Naira 3,180,000. Jinkirin 'yan watanni ya bar maka 450,000. Kuɗin katanga, na lauya da na dillali duk suna rage ribar in akwai shaida, don haka takardar cinikin nan da mai unguwa ya sa wa hannu shekara ashirin da suka wuce, a nemo ta.

Gidan da kake zaune a ciki an yafe ribar sayar da shi, tare da filin da bai wuce eka ɗaya ba, amma sau ɗaya a rayuwa. Mai niyyar sayar da babban gidan birni ya koma ƙauye, a nan ya kamata ya kashe wannan dama. Hannun jari kuma, in abin da ka sayar cikin wata 12 bai kai Naira miliyan 150 ba, ribar kuma ba ta wuce miliyan 10 ba, babu haraji.

Zakka dai lissafinta daban, biyan haraji ba ya sauke ta. In dunƙulen ya kai nisabi ya shekara a hannunka, kashi 2.5 ne.

Mataki na bakwai: kai takardarka

Harajin mutum na jihar da yake zaune ne, ba na jihar da ya yi aiki ba. Wanda ya yi aiki a Abuja ya koma Kano, hukumar KIRS ce tasa, mazaunin Kaduna KADIRS, wanda ya ci gaba da zama a Abuja FCT-IRS. Hukumar tarayya da aka sauya wa suna daga FIRS zuwa NRS ba ita ke karɓar harajin talakan ɗan fansho ba. Ana kai bayanin shekarar da ta wuce kafin ƙarshen 31 ga Maris, kuma tarar ƙin kaiwa Naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa. Ko fansho ne kaɗai abincinka, kai takardar ka nuna haka, ka karɓi shaidar wanke kai daga haraji. Za a neme ta ranar da ka je neman takardar mallakar fili. Kuɗi kuma a biya ta banki ko shafin hukumar, kada a danƙa wa wani a hannu.

Sai maganar da ba a son yi. Najeriya ba ta da harajin gado, abin da ya rage a RSA kuma yana isa ga magada ba tare da an cire haraji ba. Amma sunan da ka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Kamfanin fansho zai nemi wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, ko umarnin kotu mai hatimi, kuma kotu tana da nata kuɗin. Wanda ya rasu yana bakin aiki akwai kuma inshorar rai da doka ta ɗora wa mai ba shi aiki, aƙalla ninki uku na albashin shekara, iyalai da yawa ba su ma san su tambaya ba. Rubuta sunan PFA ɗinka da lambar RSA da asusun bankunanka a takarda ɗaya, ka sa a cikin ledar takardun, ka nuna wa uwargida da babban ɗanka inda take.